Ɗa Ko Bawa? Tunani a Kan Bashi, Sana'a da Bindiga a Amurka

Wata ranar Asabar bayan sallar la'asar mahaifina ya kira ni falo, ya rage sautin talabijin, abin da ba ya yi sai in akwai magana mai nauyi a bakinsa. Ya ce, "Ƙanenka zai gama sakandare bana. Ya ce mini ba ya son jami'a, gyaran famfo yake so ya koya. Ni ban yi boko mai zurfi ba. Kai ka shiga jami'a ka fito, ka san daɗinta ka san ɗacinta. Ka zauna da shi ka gaya masa gaskiya." Na ce, "To, Baba." Amma na bar falon ban san wace gaskiyar zan faɗa ba, domin ni kaina na yi shekara biyu ina nemanta.

Muna zaune ne a birnin Houston na jihar Texas. An kawo ni nan daga Zariya ina ɗan shekara 13, bayan mahaifina ya daɗe yana tuƙin tasi shi kaɗai har ya samar mana takardun zama. A shekarar 2018 na shiga jami'a, na karanta kimiyyar siyasa, na fito a 2022 da digiri da kuma bashin dala 27,000, wanda shi ne jimlar abin da gwamnatin tarayya takan ranta wa ɗalibin da ke ƙarƙashin iyayensa a cikin shekara huɗu. Saboda annobar korona an dakatar da biyan irin wannan bashi tun watan Maris na 2020, don haka sai a watan Oktoban 2023 takardar biya ta farko ta iso mini. A daren na yi lissafi, na ga in na bi tsarin biya na shekara goma, sai ina da shekara 33 zan wayi gari ba a bi na ko sisi. Aikin da nake yi a ofishin wani kamfanin jigilar kaya kuwa bai taɓa tambayar abin da na karanta ba.

Ina da aboki, farar fata ne haifaffen jihar, tare muka yi sakandare. Lokacin da na tafi jami'a, shi sai ya tafi wurin wani mai gyaran famfo ya zama yaronsa. Dokar Texas ta ce sai mutum ya cika awa 8,000 yana aiki a ƙarƙashin gwani, wato kusan shekara huɗu, ya kuma ci jarrabawa, kafin a ba shi lasisin cikakken ma'aikaci. A shekarun nan huɗu ni ina cin bashi, shi ana biyansa. Shekarar da na karɓi digiri ya karɓi lasisi. Yau yana da a-kori-kurarsa da akwatin kayan aikinsa, babu bashin karatu a wuyansa, kuma a cikin motar akwai ƙaramar bindiga. Wata rana ya nuna mini su, ya ce, "Ka ga wannan sifanar? Ita ke ciyar da ni. Ka ga wannan kuma? Ita ke tsare ni. Ba na bin kowa, kowa ba ya bi na. Ni a wurina 'yanci ke nan." Ba gori yake yi mini ba. Abin da ya yarda da shi har zuciyarsa ya faɗa.

Wannan magana ita ce tambayar da na ɗauka a wannan rubutu. Shin mai 'yanci shi ne wanda ba ya bukatar kowa? In haka ne, to ni bawa ne mai digiri, kuma abin da ya kamata in gaya wa ƙanena shi ne ya bi sawun abokina tun daga sifana har zuwa bindiga.

Abin da doka ta tsare

Hanya mafi sauƙi ta gane abin da al'umma ta ɗauka da muhimmanci ita ce a duba abin da dokarta ta katange. Gyara na Biyu da aka yi wa kundin tsarin mulkin Amurka a 1791 ya tsare damar mallakar makami, kuma a 2008 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu, ta tabbatar da cewa wannan haƙƙi ne na kowane mutum a karan kansa, har don tsaron gidansa. Ita dai wannan kotu, a 1973, a wata ƙara da ta taso daga birnin San Antonio na nan Texas, ta yanke cewa ilimi ba ya cikin haƙƙoƙin da kundin tarayya ya tsare. Nan ma biyar ne suka rinjayi huɗu.

In aka sauko ga dokar bashi abin ya fi fitowa fili. A Texas, in masu bin mutum bashi suka yi nasara a kansa a kotu, akwai dukiyar da ba su da ikon taɓawa. Daga ciki akwai kayan sana'arsa, akwai kuma bindigogi biyu. Haka nan ba a cire wa mutum albashi saboda bashin kanti ko na katin banki. Bashin karatu na gwamnatin tarayya bai san wannan katanga ba. In mutum ya daɗe bai biya ba, ana iya yanke har kashi 15 cikin ɗari na abin da yake karɓa ba tare da an je gaban alƙali ba. Wanda ya karye a kasuwanci ko a caca yana iya zuwa kotu ya ayyana karayar arziki a yafe masa, amma mai bashin karatu sai ya tabbatar wa kotu cewa biyan zai jefa shi cikin ƙuncin da ya wuce kima, kuma kaɗan ne suke tsallake wannan siraɗi. Sama da mutum miliyan 40 ne ke ɗauke da wannan kaya, jimlarsa ta haura dala tiriliyan 1.6. Da gwamnatin Joe Biden ta yi yunƙurin yafe wa mafi yawansu wani kaso, Kotun Ƙoli ta rushe shirin a watan Yunin 2023.

Ga kuma wani abin lura. Yaro ɗan shekara 18 a ƙasar nan ba a yarda ya sayi giya ba sai ya kai 21, amma yana iya sa hannu a takardar bashin da zai bi shi shekara goma ko ashirin, kuma a jihohi da yawa, har da Texas, yana iya shiga kanti ya sayi doguwar bindiga. Ƙanena yana kan wannan gaɓa yanzu. An buɗe masa ƙofofi biyu masu nauyi tun kafin ya san nauyin kansa.

Masanin falsafa Isaiah Berlin, a wata lacca da ya gabatar a Oxford a 1958, ya bambanta 'yanci iri biyu: na a ƙyale ka kada a tsoma maka baki, da na ka zama mai iko da rayuwarka. Dokokin da na lissafa sun karkata ga na farko. Sun yi alkawarin ba za a ƙwace maka abin da ke hannunka ba, amma ba su yi alkawarin sa maka komai a hannun ba. Abokina ɗan wannan fahimta ne, kuma mu ma muna da ita, domin kakanninmu sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Adalci ne in faɗi ɗaya ɓangaren. A watan Nuwamban 1965 Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar ilimi mai zurfi a kwalejin da ya yi karatu, a garin San Marcos na Texas, da nufin kada talauci ya hana yaro shiga jami'a. Bashin da nake kuka da shi jikan wannan doka ne. Ba don shi ba, ɗan direban tasi kamata da bai ga cikin ajin jami'a ba. Mahaifina bai taɓa samun natsuwa da kuɗin ruwan da ke kansa ba, ni ma haka, mun shiga ne bisa larura. Amma ba zan ci moriyar ganga in yada korenta ba.

Tsohuwar muhawara

Tambayar da ƙanena ya zo da ita ta girme mu duka. Baƙaƙen fatar Amurka sun yi ta tun bayan kawar da bauta. Booker T. Washington, wanda ya jagoranci makarantar Tuskegee daga 1881, yana ganin abin da 'yantaccen bawa ya fi bukata shi ne sana'ar hannu da gona da dukiyar kansa, mutunci zai biyo baya. W. E. B. Du Bois, baƙar fata na farko da ya sami digirin digirgir a Harvard, ya ƙalubalance shi a 1903, yana ganin al'ummar da ba ta da lauyoyi da malamai da marubuta ba za ta iya kare ko dukiyar da ta tara da hannunta ba. Da ina ɗalibi na ɗauka Du Bois ne kaɗai mai gaskiya. Takardar watan Oktoba ta koya mini sauraron Washington.

In lissafin kuɗi ne, ba ya yanke hukunci ɗaya ga kowa. A dunƙule, masu digiri sun fi marasa shi samun kuɗi a tsawon rayuwa, amma a ƙarƙashin wannan dunƙulen akwai injiniyan da ya biya bashinsa cikin shekara uku, akwai kuma wanda ya ci bashin ya kasa ƙarasa karatun, ya tashi ba tsuntsu ba tarko. Mai sana'a yana fara samu da wuri, amma jarinsa jikinsa ne. Maigidan abokina bai kai sittin ba, gwiwoyinsa sun gama aiki. Kowace hanya tana da kuɗin shiga: ɗaya ana biya da dala, ɗaya da guringuntsi.

Abin da lissafi ba ya nunawa shi ne abin da kowace hanya take mayar da mutum. Digirina bai ba ni albashin da na yi mafarki ba, amma ni ne nake karanta wa iyayena da maƙwabtanmu takardun inshora da na haya da na shige da fice, in gane inda aka ɓoye tarko a cikin ƙananan haruffa. Da shi na iya bin diddigin dokokin da na ambata a sama. Abin da bai ba ni ba kuwa na gane shi a dare ɗaya.

Daren da ruwa ya daskare

A tsakiyar watan Fabrairun 2021 wani sanyi da ba a saba gani ba ya sauka a Texas. Tashoshin lantarki da bututun iskar gas suka daskare, gidaje da wuraren kasuwanci sama da miliyan huɗu suka rasa wuta, kuma ƙididdigar hukumomin jihar ta nuna mutum 246 sun rasu. A gidajen Houston bututun ruwa yakan bi ta cikin silin ba tare da wani rufi ba, domin ba a gina su don sanyi ba. Namu ya daskare ya fashe, da ƙanƙarar ta narke sai ruwa ya ɓarke ta saman ɗakin mahaifiyata. Na tsaya da tocila a hannu, ɗalibin aji uku a jami'a, ban ma san inda ake kashe ruwan gidan ba.

Wajen ƙarfe biyu na dare abokina ya iso, bayan ya wuni yana yawo gida gida. Ya kashe ruwan daga bakin titi, ya hau silin, ya yanke inda ya fashe ya haɗa. Ko kwabo bai karɓa ba. A daren na ga darajar hannu, kuma ba zan sake yi wa mai sana'a kallon wanda ya kasa karatu ba.

Amma na ga wani abu kuma, wanda sai daga baya na fahimce shi. Ɗan ƙarfen da ya haɗa bututun da shi ya ƙare a kantuna, maigidansa ne ya ba shi daga abin da ya adana. Ilimin da ke hannunsa wani ne ya zuba masa shi shekara da shekaru. Gidansa shi ma babu wuta, don haka a falonmu ya kwana, bayan mahaifiyata ta ɗumama masa tuwo a murhun gas na maƙwabciyarmu. Bindigarsa tana cikin mota duk tsawon makon, babu abin da ta iya yi wa sanyi. Mutumin da ya ce ba ya bin kowa kuma kowa ba ya bin sa, a daren nan yana tsakiyar saƙar bashi, yana karɓa yana bayarwa.

Jihar ma abin da ya same ta ke nan. Mafi yawan Texas tana kan layin lantarki nata na kanta, wanda ba shi da wata haɗaka mai ƙarfi da na maƙwabta, kuma an bar shi haka ne tun da daɗewa don kauce wa sa idon gwamnatin tarayya. Da tashoshinta suka faɗi, ba ta da hanyar jawo isasshiyar wuta daga waje. Birnin El Paso, wanda ke haɗe da layin yammacin ƙasar, bai sha irin wahalar da muka sha ba. Jihar da ta fi kowace alfahari da tsayawa da ƙafarta ita ce ta kwana a duhu, har sai da aka sassauta ƙa'ida don masu gyaran famfo daga wasu jihohi su shigo su taimaka.

Batun bindiga

Ba zan raina hujjar abokina ba. Aikinsa yana kai shi unguwannin da bai sani ba da tsakar dare, an taɓa fasa motarsa an kwashe kayan aikin da ya yi shekara yana tarawa, kuma ya ce kafin 'yan sanda su iso mai aukuwa ta auku. Tarihin baƙar fata ma yana ba shi goyon baya ta inda bai zata ba. A 1892 'yar jarida Ida B. Wells, bayan an kashe abokanta a Memphis ba tare da shari'a ba, ta shawarci baƙaƙe su ajiye bindiga a gidajensu tun da doka ta ƙi tsare su. Wanda hukuma ta juya wa baya, ba ni da bakin ce masa ya zauna hannu rabbana.

Sau biyu ya ce in zo ya raka ni in saya, tun da daga watan Satumban 2021 Texas ta yarda wanda ya kai shekara 21 ya ɗauki ƙaramar bindiga ba tare da lasisi ba. Na ƙi, kuma dalilaina uku ne. Na farko, haƙƙin da ke rubuce ba ɗaya yake da haƙƙin da ke kan titi ba. A watan Yulin 2016, a jihar Minnesota, ɗan sanda ya tsayar da wani baƙar fata mai suna Philando Castile. Yana da lasisin bindigarsa, ya kuma sanar da ɗan sandan cewa tana tare da shi. Cikin 'yan daƙiƙoƙi aka harbe shi har lahira, kotu kuma ta wanke ɗan sandan. Abin da ke tsare abokina, ni yana iya zama sanadina.

Na biyu, bindiga ta bambanta da sifana da digiri ta fuska ɗaya. In maƙwabcina ya koyi gyaran famfo na ƙaru, in 'yarsa ta zama likita na ƙaru. In ya sayi bindiga saboda tsoro, nawa tsoron ne yake ƙaruwa, sai ni ma in saya, sai nasa ya ƙaru. An ƙiyasta a 2018 cewa bindigogin da ke hannun farar hula a Amurka sun kai miliyan 393, sun fi mutanen ƙasar yawa, kuma har yanzu ana saye saboda ba a ji an tsira ba. A watan Mayun 2022, makonni kaɗan da bikin kammala karatuna, wani yaro da ya sayi bindigoginsa bisa doka bayan ya cika shekara 18 ya kashe yara 19 da malamai biyu a wata firamare a garin Uvalde.

Dalili na uku ya fi wuyar faɗa. A shekarar 2021 mutum 48,830 ne bindiga ta kashe a Amurka, kuma sama da rabinsu su suka kashe kansu. A watannin da suka biyo bayan takardar bashina, lokacin da nake aika neman aiki babu amsa, akwai daren da na kwanta ina jin ni nauyi ne a kan iyayena. Imani da addu'ar mahaifiya da wayewar gari suka fitar da ni, daga baya na kuma nemi wanda na yi magana da shi. Amma na gode wa Allah da babu komai a cikin durowar gefen gadona. Mai sayen bindiga yana tunanin ɓarawon da zai hauro katanga, ba ya tunanin ranar da shi kansa zai raunana. Ƙasar da ta ɗora wa matasanta bashin da ba ya yafuwa, ta kuma sauƙaƙa musu mallakar makami, ta ajiye auduga kusa da wuta.

Ban ce a ƙwace wa abokina tasa ba. Na ce dai haƙƙi ne da wasu ke ɗaukar wani kaso na haɗarinsa, don haka al'umma tana da ikon tambayar wa zai riƙe, yana da shekara nawa, kuma a ina zai ajiye.

Ma'anar kalmar a harshenmu

Amsar da na daɗe ina nema a littattafan Turawa ashe tana bakina. A Hausa kishiyar bawa ita ce ɗa. Daga nan aka sami 'yanci da 'yantawa, mutanen Sakkwato da Katsina kuma sukan ce ɗiyauci. Wato a tunanin waɗanda suka gina harshen, mai 'yanci shi ne wanda yake ɗan wani, mai dangi, wanda in an taɓa shi akwai masu tashi, in ya yi laifi akwai masu jin kunya. Bawa shi ne wanda aka tsinke daga nasa, ba shi da mai tsaya masa. Bisa wannan ma'auni, mutumin da ba ya bin kowa kuma kowa ba ya bin sa ya fi kama da bare fiye da ɗa. Shi ya sa aka ce bashi hanji ne, yana cikin kowa.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi wa'azin dogaro da kai a tarihin Amurka shi ne Thomas Jefferson, mai ganin cewa manomin da ke cin gumin kansa shi ne ginshiƙin jamhuriya. Ya rasu ranar 4 ga Yulin 1826 ana bin sa sama da dala 100,000, kuma a watan Janairun 1827 aka yi gwanjon bayinsa kimanin 130 don a rage bashin. Tsayawar da ya yi da ƙafarsa ashe a kan wuyan wasu ya yi ta. Duk wanda ya ce ba ya bukatar kowa, a duba da kyau, akwai waɗanda ya daina ƙirgawa.

Mai karatu yana iya cewa wannan lallashin kai ne irin na wanda bashi ya ci, tun da kowa mabaraci ne sai in ce nawa ba komai ba ne. Ba haka nake nufi ba. Bashi iri biyu ne. Akwai mai fuska: wanda abokina yake ɗauke da shi na maigidansa, wanda nake ɗauke da shi na mahaifina da ya yi shekaru a bayan sitiyari. Irin wannan ba a gama biyansa, kuma ba a son a gama, domin shi ne igiyar zumunci, ana biyansa ne ga na baya. Akwai kuma marar fuska, wanda ake miƙa lissafinsa daga wannan kamfani zuwa wancan, yana haihuwa kana barci, ba ya tambayar ko ka sami aiki. Na farko yana mayar da mutum ɗa. Na biyu yana sa shi rayuwa da izinin wani: ya karɓi aikin da ba ya so, ya yi shiru a inda ya kamata ya yi magana, ya ɗage aure. Yakan tuna mini da murgu, kuɗin da bawa a ƙasar Hausa yakan riƙa kai wa ubangidansa don a bar shi ya yi sana'ar kansa. Ba zan kira shi bauta ba. Tafiyar awa ɗaya ce daga gidanmu zuwa Galveston, inda a ranar 19 ga Yunin 1865 aka sanar da bayin Texas cewa an 'yanta su, kuma zai zama rashin kunya in haɗa takardata da sarƙarsu. Amma raguwar 'yanci ce, kuma ƙasa mai arzikin Amurka ita ta zaɓi ta sayar wa 'ya'yanta ilimi da wannan farashi.

Duk da haka zan biya. Na taso ina ganin yadda a wurin jana'iza, kafin a sallaci mamaci ko bayan an dawo, wani daga danginsa yake miƙewa ya ce duk mai bin sa bashi ya zo ya same su. Dokar Amurka tana shafe bashin karatu na gwamnati in mai shi ya rasu, amma tarbiyyar da aka yi mini ba ta san wannan ƙofa ba. Na sa hannu, kuma kuɗin na mutanen da suka biya haraji ne, ciki har da abokina da bai taɓa zama a ajin jami'a ba. Ina iya yaƙar tsarin da ƙuri'a da alƙalami in kuma cika alkawarina a cikinsa.

Abin da na gaya wa ƙanena

Na same shi a gareji yana kwance wani tsohon famfo. Na shimfiɗa masa takardun bashina duka, ya ga uwar kuɗin, ya ga ruwan, ya ga abin da ke fita daga albashina kowane wata. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Yaya, ke nan kana nadama?" Na ce masa ba na nadamar karatun, ina nadamar sa hannun da na yi ban karanta ba, ban kuma tambayi kowa ba.

Na ce in gyaran famfo yake so saboda hannunsa yana jin daɗin aikin, ya je da albarkar Baba da goyon bayana, kada ya bari kowa a cikin 'yan uwanmu ya sa shi jin ya gaza. In kuwa tsoron bashi ne kawai ya kore shi daga jami'a, to akwai kwalejojin al'umma na shekara biyu masu sauƙin kuɗi, akwai tallafin gwamnati da ba a mayarwa ga 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi, mu zauna mu lissafa tare. Na roƙe shi abu biyu. Kada ya daina karatu ko da ba a aji ba, domin ranar da zai buɗe shagonsa takarda ce za ta fara cin sa ko ta tsare shi. Kuma in ya sami lasisi, ya ɗauki yaro ya koya masa kamar yadda za a koya masa.

Ya tambaye ni batun bindiga, domin ya ga ta abokina. Na ce doka ta ba shi dama, ni ba zan iya hana shi ba, amma ya bari sai ya kai shekarun da na kai, ya kuma zo mu yi maganar daren da ban taɓa ba shi labarinsa ba. Ya yi shiru, sannan ya ce ya ji.

Ya fara aiki a watan jiya, a ƙarƙashin abokina. Da asuba nakan ji ƙarar a-kori-kurar a ƙofar gida, mahaifiyata ta miƙa musu kunu a kofi biyu. Saura masa awa dubu bakwai da ɗari takwas da wani abu, ni kuma saura mini shekara takwas.